Jama'a a kula da masu "gwajin hanta" ba tare da ɗibar jini ba

Salam jama'a, dan Allah ku tsaya ku karanta ku tura ma 'yan uwa, a gidanmu abin nan ya faru ba wai ji na yi ba.

Akwai wasu masu yawo da laftop da wata 'yar na'ura mai sandar ƙarfe, sai su ce ka damƙe ta a tafin hannu na minti ɗaya, wai kwamfuta ta leƙa hantarka. Yayata ta faɗa hannunsu, ba allura ba jini ko ɗigo, matar ta sha farar riga kamar likita ta kalli allo ta girgiza kai ta ce "Hajiya hantarki ta kusa tashi daga aiki, amma Allah ya so ki da kika zo da wuri", kafin Yaya ta gama salati har ta jawo kwalabe uku daga ƙarƙashin tebur wai na wanke hanta ne. Gwajin kyauta ne fa, kwalaben su ne kasuwar.

Daren nan ko runtsawa ba ta yi ba. Da safe na ce Yaya ki shirya mu je asibiti a yi na gaske.

Na gasken, wanda suke ce ma LFT, sai an ɗaure damtse an zuƙi jini a jijiya an kai lab. A takardar za ka ga ALT da AST, sinadarai ne da ke cikin ƙwayoyin hanta, in ta ji rauni sai su kwararo cikin jini lambarsu ta hau. Akwai ALP da GGT masu nuna ko hanyar matsarmama ta toshe, da bilirubin wanda in ya yi yawa ido ke yin ɗorawa a ce shawara, sai albumin, furotin ɗin da hantar ke ƙerawa da kanta. Kowanne da lambarsa da iyakarsa a gefe, ALT galibi ƙasa da 40 ake so duk da kowane lab da ma'auninsa. Takardar waccan matar kuwa layuka ne kawai ja da kore, ba sunan lab ba sa hannun kowa. Na Yaya dai duk sun fito lafiya lau, alhamdulillah.

Abin da ya fi ɗaga min hankali ma wanda za su ce ma ƙalau yake. Ciwon hanta na B sai ya yi shekaru a jikin mutum shiru, ALT ɗin ma daidai, sai an yi gwajin HBsAg ake kama shi, na C kuma anti-HCV. To ina ƙarfe a tafin hannu zai ga wannan? Kuma duk wanda ya ce kwalbarsa na kashe B ƙarya yake, magani irin tenofovir danne ƙwayar cutar yake yi, na C ne ake warkewa da ƙwayoyin asibiti cikin sati 8 zuwa 12. Su kwalaben ko jerin abin da ke ciki babu a jikinsu, kuma duk abin da ka haɗiya ai hantar ce za ta tace shi.

Mun koma mu mayar musu da kayansu mun tarar sun kwashe tebur, lambar da ke jikin takardar kuma har yau a kashe take.