Wasiƙa daga Siyatil: a nan har masu riƙon tashar jirgin ruwa sai an kaɗa musu ƙuri'a

Yaya, barka da war haka. Ina gajiya, ina iyali, ya ƙarfin jikin Inna? Ka ce in daina aiko hoton dogayen gine-gine, in ba ka labarin zaman ƙasar nan yadda yake. To ga shi, kuma da wata takarda zan fara.

Ran Asabar na dawo daga aiki na tarar da ambulan a akwatin wasiƙa. Ƙuri'ata ce. A nan jihar Washinton ta Amurka ba a bin layi a rana, kusan mako uku kafin zaɓe ake aiko wa mutum takardarsa har gida, ya cike, ya sa hannu a bayan ambulan, ya jefa a gidan waya ko a wani akwatin ƙarfe da ke bakin titi. Ko kan sarki ba a saye. Akwai kuma ɗan littafi da ke ɗauke da hoton kowane ɗan takara da bayanin da ya rubuta da kansa. Ina buɗawa ina kurɓar shayi sai na ci karo da masu neman kujerar kwamishinan tashar jiragen ruwa.

Ka ji fa. Tun 1911 mutanen gundumar King, inda birnin Siyatil yake, suka kafa hukumar tashar da ƙuri'arsu. Kwamishinoni 5 ne, wa'adin shekara 4, kuma ba a rubuta jam'iyya a gefen sunansu. Ba bakin ruwa kaɗai suke riƙe da shi ba, har babban filin jirgin saman da na sauka yana hannunsu, da matsayar jiragen masunta. Tun 2015 kuma suka haɗa harkar kwantena da maƙwabtansu na Takoma. Suna da rabo a harajin gidaje, shi ya sa mai gida ke sa musu ido. Mu 'yan haya ma muna biya, a cikin kuɗin haya ake cusa mana.

Ni abin ya shafi tuwona kai tsaye, tunda kwantena nake ja da tirela. Yawancin abokan aikina Habashawa ne da Somaliyawa da 'yan Eritiriya. Akwai ranar da na shiga layi a ƙofar wata tasha tun duku-duku, ban fito ba sai bayan azahar. A cikin mota na ci guzurina, a gefen taya na shimfiɗa kwali na yi salla. Da yake kuɗin kaya ake biyanmu ba na awa ba, wannan zaman duk a banza ya tafi. Saboda haka da na ɗauki littafin, abin da nake nema ɗaya ne: wa ya san da wannan layin?

Ra'ayin 'yan takarar kusan gida biyu ne. Wasu bakinsu na kan ciniki: a faɗaɗa tasha, a jawo manyan jirage daga Asiya, kada tashoshin Kanada da Kalifoniya su ƙwace kasuwa. Wasu kuma hayaƙi da ƙara ne damuwarsu. Suna so jirgin da ya tsaya ya kashe injinsa ya jona da wutar gari, musamman jiragen 'yan yawon shaƙatawa masu zuwa Alaska, suna kuma maganar unguwannin da jirgin sama ke hana barci, da dattin da ya taru a kogin Duwamish. Maganarsu gaskiya ce, a ƙarƙashin hanyar jiragen nake kwana. Amma tsabtar iska da kuɗinta. Tun farkon 2019 aka hana tirela mai injin da ya girmi na 2007 shiga tashoshin kwantena, kuma na san waɗanda sai da suka ci bashi suka sauya mota. Wanda zai ce a koma motar lantarki, ina so ya faɗi wa zai biya.

Wani abin da ya ba ni mamaki, har masallacinmu 'yan takara ke zuwa bayan Juma'a, su tsaya a waje ana jefa musu tambaya. Ba shinkafa, ba atamfa. A 2021 wata Basomaliya, Hamdi Mohamed, ta ci ɗaya daga kujerun nan. Kada dai ka ɗauka kowa ya damu. Maƙwabcina, haifaffen nan, da na tambaye shi wa zai zaɓa, sai ya ce bai ma san ana zaɓen kujerar ba.

Duk wannan Yawuri yake tuna min. Mu da muka tashi a bakin Kwara, jirgi ne motarmu ranar kasuwa. Ba na manta watan Mayun 2021, da jirgin nan ya nutse wajen Warra da mutane fiye da ɗari. A gida shugabannin hukumomin ruwa daga Abuja ake naɗo su, mai kwale-kwale bai taɓa ganin fuskarsu ba balle ya tambaye su zancen rigar ruwa ko lodin da ya wuce kima. A nan jirgin fito da ke tsallaka mutane da motocinsu, in ya cika ya cika, ko kai wane ne sai ka jira na gaba.

Batun kaya kuwa, duk abin da ya fito daga kwantena da sauƙi: tufafi, takalmi, waya, tukunya. In ka saya bai yi maka ba, ka mayar da rasit a ba ka kuɗinka, ba rantsuwa. Wuta ba ta ɗaukewa sai in guguwa ta kayar da itace. Abin da ke da tsada shi ne hannun mutum. Aski ɗaya sai ya ci kuɗin da za a yi wa yaran gidanmu duka har da canji, shi ya sa na sayi injin aski. Makanike kuwa awa yake ƙirgawa. Takalmi ya tsinke, jefarwa ake yi, don gyaran ya fi sabo kuɗi.

Abinci ne inda suka sha ƙasa. Albasarsu ƙatuwa, amma ba ta kama ƙafar ta Aliero a yaji ba. Naman halal sai shagunan Somaliyawa a Tukwila, garin gero kuma wajen Indiyawa. Kifinsu da suke ji da shi, salmon, ba laifi, sai dai miya ba ta jin sa kamar busasshiyar tarwaɗar Yawuri.

Na dai cike takardata, na ba wanda ya ambaci layin direbobi da bakinsa, na jefa a akwati kan hanyar aiki. In ɗan Kawu zai taso, a haɗo shi da busasshen kifi da daddawa da kuka, ya kuma nuna wa jami'an kwastan da ya sauka. Kada a saka kilishi, karɓewa za su yi. A gaida Inna da kyau, zan kira ta ran Juma'a bayan isha'inku.

Ƙaninka.