Sauya Layi ko Sayen Rauta Idan Intanet Ya Yi Nauyi

Maƙwabta a Samaru da Tudun Wada sun sha tambayata ko su sauya layi ko su sayi rauta, wato na'urar da ke kamo sigina ta raba intanet a gida. Kafin a kashe ko sisi, a auna gudun intanet a shafin Fast.com da asuba da kuma bayan isha'i, a ɗaki da tsakar gida.

Idan da dare kawai yake faɗuwa, cunkoso ne a turken kamfanin, kuma rauta ba ta maganin wannan. Sabon layi ya fi araha, sai dai yana buƙatar rajista da lambar NIN, kuma shi ma yana iya cunkushewa gobe.

Idan kuwa tsakar gida ya fi ɗaki gudu, katanga ce, domin kaurin ginin ƙasa irin na cikin birni yana danne sigina. Rauta a bakin taga tana taimakawa sosai, tana kuma daɗewa, amma tana da tsada, sannan da an ɗauke wuta za ta tsaya idan ba ta da batir.

Ɗalibi mai haya shi kaɗai, layi ya ishe shi. Gida mai yawan jama'a kuwa, rauta ta fi dacewa da shi.