Rassan duniya: tsagewa a take ko yaɗuwa a hankali?

Malam, ka tambaya cewa in har duniya tana yin rassa kamar yadda wasu masana fiziks ke faɗa, shin lokaci guda komai ke tsagewa, ko sannu a hankali abin ke tafiya. Su kansu masu ra'ayin bakinsu bai zo ɗaya ba.

Asalin maganar daga Hugh Everett ne, a Jami'ar Princeton, 1957. Lissafin Schrödinger, wanda ke bayyana halin ƙananan ƙwayoyin halitta, yana barin ƙwayar ilektaron, ɗaya daga cikinsu, ta kasance cikin hali biyu a haɗe kafin a auna ta. Niels Bohr da mutanensa suka tafi a kan cewa da an auna, sakamako ɗaya ne kawai ke tabbata. Everett ya ce babu sakamakon da ya ɓace: na'urar da mai awon su ma sun shiga lissafin, kowane sakamako da nasa mai gani.

Bryce DeWitt, wanda ya yayata ra'ayin daga 1970, shi ne na ɓangaren tsagewa. A wurinsa, duk ƙaramin sauyi irin wannan, ko a cikin tauraro mai nisa ya faru, yana raba duniyarmu zuwa kwafi barkatai. Wato kana zaune a Ringim kana shan koko, wani abu ya motsa a can, an raba ka. Wannan bayani yana da sauƙin faɗa, amma ni bai kwanta mini ba, domin bai nuna ta wace hanya abin nesa ya taɓa ka ba.

Ɗaya ɓangaren ya ginu ne a kan aikin Dieter Zeh na 1970 da na Wojciech Zurek daga baya, kuma David Wallace na cikin masu kare shi. Nan ake ganin yadda abin ke aiki. A ce allurar na'urar awo ta karkata dama ko hagu. Haske ya faɗa mata ya tashi, ƙwayoyin iska biliyoyi sun buge ta sun wuce, kowace ta ɗauki alamar inda allurar take. Da labarin ya watsu haka, halayen biyu ba sa iya sake haɗuwa su shafi juna. Reshe ke nan. Kamar ban ruwa ne a Kadawa: an buɗe bakin kwata, fangalin farko ya jiƙe, na ƙarshe yana nan a bushe sai ruwa ya kai gare shi. Rabuwar ba ta wuce gudun haske, kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa. Awon da aka yi a nan ba zai shafi watan da ke sama ba sai bayan daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, rana kuwa sai bayan minti 8.

Wannan na biyun na fi gamsuwa da shi, ko da yake a cikinsa ba a iya ƙirga rassan, tunda ba su da iyaka tsayayya.

Sai dai a kula, Malam, kada ɗalibai su ɗauka an tabbatar. Har yau babu gwajin da ya raba gardama tsakanin Everett da Bohr, lambobi iri ɗaya suke bayarwa a ɗakin gwaji. Kuma duka ɓangarorin biyu na masu rassa suna fama da tambaya guda: ƙa'idar Max Born ta 1926, wadda ke ba da yiwuwar faruwar kowane sakamako, tana iya cewa wannan sakamako kashi 70 ne, wancan kashi 30. In duka biyun sun faru, me kashi 70 ɗin ke nufi? David Deutsch da Wallace sun kawo amsa ta hanyar lissafin yanke shawara, amma masana da yawa ba su karɓa ba.