Shagon farfela na Apapa: sun iya aiki amma ka je da lambobinka a hannu

'Yan uwa masu ƙananan jiragen ruwa na shan iska a Legas, musamman waɗanda ke zuwa Tarkwa Bay da Ilashe ran Lahadi, ga abin da na gani a wani shagon kayan injin jirgi da ke ɓangaren Apapa. Ba zan kama sunansa ba don kar a ce talla aka biya ni, amma duk bakaniken jirgi na wajen ya san shi.

Jirginmu na faiba ne, ni da ƙanina muka haɗa kuɗi muka saya tokumbo, injin Yamaha mai doki 85, irin mai shan fetur haɗe da baƙin mai. Da farfela mai lamba 13 x 19 ya zo. In mutum biyu ne a ciki lafiya lau, amma da zarar an ɗauko iyali da kuloli da jarkokin mai sai ya ɗaga hanci sama yana gurnani ya ƙi kwanciya a kan ruwa, ga shan mai kamar me, ga fulogi na yin baƙi.

Abin da ya burge ni, mai shagon bai tashi ya ɗauko min mafi tsada ba. Tambaya ya fara yi, Alhaji mutum nawa kake ɗauka, kuma in ka tura totur har ƙarshe da wannan lodin juyi nawa agogon juyin injin yake nunawa? Na ce 4200. Ya ce to ai nan matsalar take, wannan injin kamfani ya ce tsakanin 4500 zuwa 5500 a minti zai riƙa juyawa in an ba shi wuta duka, ƙasa da haka wahala kawai yake sha. A lambar farfela irin 13 x 19 ɗin nan, lamba ta farko faɗin farfelar ce da inci, ta biyu kuma murɗin fiffiken ne, wato nisan da ya kamata ta ci a juyi guda, kuma duk inci ɗaya da ka rage a ta biyun injin yana ƙara juyi kamar 150 zuwa 200. Tawa mai 19 tamkar ka tayar da mota cike da kaya a giya huɗu ce. Ya ce 17 za ta shigo da ni cikin ƙa'ida amma da ƙyar, don haka 13 da rabi x 15 ya ba ni.

Ƙanina shi kam idonsa na kan ta ƙarfe mara tsatsa, mai sheƙin nan, kuma gaskiya ta fi ƙarko, fiffikenta ya fi siriri ba ya lanƙwasa, gudu ma ta ɗan fi. To amma kuɗinta ya ninka na alminiyom biyu ko uku, sannan ku da kanku kun san ruwan Legas, gungumen katako ne, igiya, ragar masunta, leda ba a magana, in lokacin kainuwa ya zo ɓangaren Ikorodu kuwa sai addu'a, ga wuraren da ruwan ba zurfi in ya janye. In ka daki abu da ta alminiyom yawanci fiffiken ne zai lanƙwashe ko ya ɓalle, ta ƙarfe kuwa ita ba ta jin komai sai ta miƙa dukan ga sandar da ke juya ta da kuma giyabos, wannan kuma kuɗin gyaransa ba a cewa komai. Shawararsa ita ce in sayi ta alminiyom in ajiye tsohuwar a jirgi da sifana da noti da fil saboda tsaro. Mutumin da zai fi cin riba da mai tsadar ya ce kar ka saya, ai ka saurare shi.

Mai fiffike huɗu ma ya nuna min, ta fi saurin ɗaga jirgi mai lodi kuma ta fi kama ruwa a kwana, sai dai tana rage gudu kaɗan. Ban ɗauka ba, babu daidai injina a lokacin.

Yaronsa ya biyo mu jeti ya ɗaura, ya ƙirga haƙoran sanda 15 ya ga sun dace, ya ciro zaren kamun kifi da ya nannaɗe a bayan wosha wanda da an bar shi zai cinye robar da ke hana ruwa shiga giyabos, ya shafa giris. Muka fita gwaji da lodinmu na kullum agogo ya tsaya wajen 5000, jirgi ya kwanta nan da nan.

Inda suka ɓata min rai, farashin waya daban na shago daban, wai dala ta motsa. Rasit sai da na nace. Kuma in farfela ta taɓa ruwa ta samu ko ƙwarzane ɗaya ba sa karɓa, shi ya sa in jirginka ba shi da agogon juyi ka sa bakanike ya zo da na hannu ya auna maka kafin ka je, kar ka sha gosulon tirelolin Apapa sau biyu a banza.