Babban akwati mai kaya 200 ko tsintar kayan aiki ɗaya bayan ɗaya?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ka sayi motarka ta farko, kana so ka riƙa yin ƙananan gyare-gyare a gida, juyen baƙin mai, canjin fulogi da batir, har da birki idan hannu ya faɗa. Shin babban akwatin nan da aka rubuta wa "kaya 200" a murfi za ka ɗauka gaba ɗaya, ko ka riƙa tsinta ɗaya bayan ɗaya? Na bi hanyoyin biyu, ta farko cikin ɗoki, ta biyu bayan na ji jiki.

Babban akwati yana da abin yabo. Kowane ƙarfe da gurbinsa, in ka gama aiki ka duba, gurbin da ya zama wayam shi zai gaya maka ka bar wani abu a cikin inji. Kuma da wuya ka tsaya cak a tsakiyar aiki don rashin wata ƙaramar lamba. Amma buɗe shi ka ƙirga da kanka. Kaso mai tsoka na 200 ɗin nan ƙananan kawunan sukundireba ne da alanki (ɗan ƙarfen nan mai gefe shida da ake zurawa cikin kan sukuru), kowane ɗan tsinke an lissafa shi a matsayin kaya guda. Wani kason kuma soket ne, wato kawunan da ake kifawa a kan noti, na awon inci, alhali motocin Japan da na Turai da na Koriya dukkansu da milimita aka ɗaure su, na Amurka ma na shekarun baya-bayan nan akasarinsu haka ne. Soket ɗin inci a hannun sabon shiga tarko ne: rabin inci milimita 12.7 ne, sai ka ga kamar ya zauna a kan noti mai lamba 12, wato milimita 12, kana ja ya zame ya cinye kusurwoyin.

Wanda yake tsinta kuwa motarsa yake saya wa kaya, ba motocin duniya ba. Toyota da Honda da danginsu suna yawo ne a kan 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Volkswagen da Peugeot da Mercedes sun fi son 10, 13, 16, 17 da 18, ga kuma sukurori masu bakin tauraro, wato Torx, waɗanda ba ka iya taɓa su da sukundireba na gama-gari. Notin taya a yawancin Toyota 21 ne, a Honda 19, a Volkswagen 17. Notin juyen baƙin mai a Toyota galibi 14 ne, a Honda 17. Kan batir kusan ko'ina 10 ne, kuma lamba 10 ɗin nan saya biyu tun yanzu, don ita ce ke faɗawa ƙarƙashin inji ta yi ɓatan dabo. Ka ga ashe lambobi takwas ko goma ne za su yi maka kusan dukkan aikin. Aibin tsinta shi ne tana cin lokaci, kuma wata rana za ka kwance rabin abu ka tarar lambar da kake nema ba ta cikin kayanka.

Ni dai tsakiya na tsaya: ƙaramin saiti mai kyau na soket ɗin milimita zalla, daga 8 zuwa 19 ba tsallake (da 21 daban saboda taya in motarka Toyota ce), sannan sauran kuɗin su tafi ga abubuwan da babban akwati ba ya taɓa ɗauke da su. Zan zo kansu.

A cikin soket ɗin ma akwai zaɓi biyu, mai kusurwa shida da mai kusurwa goma sha biyu. Mai goma sha biyu ya fi saurin hawa kan noti a lungu, amma kusa da kusurwoyin notin yake kamawa. Mai shida yana rungumar gefunan notin ne, shi ya sa ko noti ya yi tsatsa ya kafe, da wuya ya mulmule masa kai. Ga mai gyara a gida, wanda ba shi da abin yanka ko walda in noti ya mulmule, mai shida ne zaɓi, babu dogon tunani. Hannun da ake jona soket ɗin, wato racet, girma uku ne: kwatan inci, 3/8 da rabin inci (abin dariya, ko soket ɗin milimita ne, da inci ake auna mazauninsa). Na 3/8 shi ne na kullum. Duba yawan haƙoransa: mai haƙora 72 digiri 5 kawai yake buƙata ya motsa kafin ya sake kamawa, mai 36 sai ya sami digiri 10, kuma a matsatsin gaban inji wannan bambancin shi ne tsakanin aiki da zagin mota. Kada ka taka racet da ƙafa ko ka zura masa bututu don ƙarin ƙarfi, haƙoran ne za su zube. Wannan aikin doguwar sanda ce mai mazaunin rabin inci, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya.

Sifana mai baki biyu, buɗaɗɗe a gefe ɗaya zobe a ɗaya, ko sifanar nan guda ɗaya da ake murza wa baki ta dace da kowane noti? Ta biyun tana da daɗin ji, ƙarfe ɗaya ya maye gurbin goma. Sai dai bakinta ba ya zama daram, kullum akwai ɗan wasa, kuma gefe biyu kacal take riƙewa. Ajiye guda don riƙe wani abu ta baya, amma kada ka fasa ɗaurin noti da ita. Da zobe ake fasa ɗauri, da buɗaɗɗen baki ake ƙarasa warwarewa. Rubutun Cr-V da za ka gani a jiki yana nufin ƙarfen da aka haɗa da kuromiyam da banadiyam ne, amma kusan kowa yana buga shi, don haka ɗora sifanar a kan noti ka girgiza, in ta yi sako-sako mayar da ita. Araha ba ta ado.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni da kyau. Jak ɗin da ya zo da mota, mai kama da almakashi, an yi shi ne don canjin taya a gefen hanya, na 'yan mintoci, ba tare da ko hannunka ya shiga ƙarƙashi ba. Jak mai mai, mai tayoyi da dogon hannu, ya fi shi sauri da zama, amma shi ma abin da ke riƙe da nauyin motar ɗan zoben roba ne a cikin silinda. Ranar da robar ta gaji, motar za ta sauko ba sallama. Saboda haka kwatanta jak da jak ma ɓata baki ne: kowanne ka ɗauka ɗagawa ce aikinsa, riƙewa aikin ƙafafun ƙarfe ne guda biyu da ake tokare mota da su. A daɓe mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe za ka kafa su, a wuraren da littafin motar ya nuna, ka ja birkin hannu, ka sa waigi a tayoyin da suka rage a ƙasa. Bulo ba ya maye gurbinsu, yana farfashewa lokaci guda ba tare da ya yi ƙara ya gargaɗe ka ba. In kuɗinka bai kai ga jak mai mai da ƙafafun tare ba, fara da ƙafafun.

Sai sifanar awon ɗauri, wadda ke yin ƙas idan noti ya kai ƙarfin da aka saita. Tsohon bakanike zai ce maka hannunsa ya san awo, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne, shekaru ne suka koya masa. Kai hannunka bai sani ba tukuna. Nawa ma bai sani ba ranar da na ƙara wa notin baƙin mai "ɗan kaɗan don kada ya yi yoyo", na ji ya juya salalaf, zaren kwanon alminiyam ya tafi. Notin tayar Corolla ana ɗaure shi a 103 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), na yawancin Honda 108, na yawancin Volkswagen 120. Babbar sifanar awo mai mazaunin rabin inci tana ɗaukar waɗannan, amma galibi daga wajen 40 take farawa, ba ta saukowa zuwa awon fulogi, wanda ya fi haka sauƙi. Duk da haka da babbar za ka fara, in ka gama aiki ka mayar da ita kan mafi ƙarancin awonta, kuma kada ka kwance noti da ita.

Ta fannin wuta, fitilar gwaji tana gaya maka akwai wuta ko babu, shi ke nan. Mita tana gaya maka nawa. Batir cikakke da ya huta zai nuna wajen volt 12.6, in ka ga 12.2 ya kai rabi, in inji na aiki kuma ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5, in ba haka ba na'urar caji ce abin zargi ba batir ba. Wannan awon kaɗai ya hana mutane da yawa sayen sabon batir a banza. Fitilar gwaji mai ƙwai kuma tana jan wutar da za ta iya lalata kwamfutar mota, kuma wayoyi masu mahaɗi ruwan ɗorawa na jakar iskar da ke kumbura lokacin hatsari ne, kada ka kusance su da komai. In za ka cire batir, kan da ke da alamar ragi ake fara kwancewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Ƙaramar na'urar OBD-II, wadda ake jonawa a ƙasan sitiyari don karanta matsalar da kwamfutar mota ta gano, tana iya jira zuwa gaba. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun 1996 duk suna da mazauninta, masu fetur na Turai tun 2001. Lamba take ba ka, kamar P0300 da ke nufin inji na tsallake wuta, ba ta ce maka ga abin da za ka canza ba.

Sauran tarkacen, filaya biyu, sukundireba, guduma, tocila, mazurari, kwanon tarar baƙin mai da abin kwance matatar mai, kowanne ka samu zai yi. Soket ɗin fulogi ne kawai sai ka duba, yawancin motoci 16 ne, tsofaffi 21, wasu sababbi 14. Kafin ka sayi komai, buɗe littafin motarka ka rubuta awon ɗaurin taya, sannan ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko notin baƙin man mai kai shida ne ko na alanki, don wasu motocin Turai da alanki ake buɗe nasu.