Gargaɗi Kan Masu Tallar Zanen Malevich na Jabu

Duk wanda aka tallata wa zanen fenti a intanet da sunan aikin Kazimir Malevich ne, ko na abokan tafiyarsa na Rasha irin su Lyubov Popova da Olga Rozanova, ya riƙe kuɗinsa tukuna, domin ɓangaren nan na kasuwar zane ya yi ƙaurin suna wajen jabu.

A watan Disamba na 1915 Malevich ya baje baƙin murabba'insa a birnin Petrograd na Rasha (Saint Petersburg a yau), zanen da babu mutum ko itace a cikinsa, sai siffa da launi kawai. Bayan juyin juya halin 1917 gwamnati ta ɗan rungumi wannan salo, amma a 1932 mulkin Stalin ya rushe ƙungiyoyin masu zane masu zaman kansu, aka koma son hoton ma'aikaci da manomi, aka jibge sauran a ɗakunan ajiya, iyalai kuma suka ɓoye abin da ya rage a hannunsu. Wannan tarihi mai ban tausayi shi ne jarin 'yan damfara. Idan ka nemi takardar asalin zane, sai a ce maka ai ɓoye shi aka yi don tsoron hukuma, a juya maka bayansa ka ga tsohon hatimi da takardar da ta yi ja, alhali duka ana iya ƙirƙirarsu. Murabba'i da da'ira ba su da wuyar kwaikwayo, kuma a 2018 an sayar da zanen Malevich ɗaya a kan sama da dala miliyan 85.

Masana ma an yaudare su. A 2018 gidan tarihin zane na birnin Ghent a Beljiyam ya sauke wasu zane-zanen aro bayan ƙwararru sun yi shakkarsu, a 2020 kuma gidan tarihin Ludwig da ke Kolon a Jamus ya bayyana cewa cikin zane 49 da ya bincika, 22 ba na waɗanda aka jingina musu ba ne.

Kada a gamsu da takardar shaidar da mai sayarwa ya kawo da kansa. A nemi gwajin fenti da ƙyalle a ɗakin binciken da mai saye ya zaɓa, domin sinadarin da bai shiga kasuwa ba sai bayan rasuwar mai zane yakan tona asiri nan take, sannan a nemi hujjar cewa an taɓa baje zanen ko ɗaukar hotonsa tun mai shi na raye. Idan mai sayarwa ya ƙi gwaji, ko ya matsa cewa wani attajiri na jira a biya kafin gobe, a yanke cinikin.