Bindiga Mai Ƙanƙara Ko Mai Hula: Wacce Za A Fara Da Ita?

Tun da na yi maganar masu gasar harbin bindigar toka da ke taruwa a garin Friendship na jihar Indiyana a Amurka, ake ta tambayata wacce ta fi tsakanin mai ƙanƙara da mai hula.

Mai ƙanƙara ce babba a shekaru. Dutsen ƙanƙara ke bugun ƙarfe kamar ƙyastu, tartsatsi ya faɗa ɗan kaskon albarushi, wuta ta bi ƙaramar kafa ta shiga ciki. Walƙiyar nan dab da ido take tashi, kuma ita ke sa hannun sabon shiga ya motsa, harsashi ya kauce. Sai an daɗe ana yi kafin ido ya saba. Ni dai wannan horon ne ya sa nake ƙaunarta.

Mai hula ta biyo bayan ƙirƙirar wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, a 1807. 'Yar hular tagulla mai ɗauke da sinadarin da ke kama wuta in an buge shi ake ɗorawa, kunamar bindigar ta buga, nan take ta tashi. Ta fi jure damshi nesa ba kusa ba. Mai ƙanƙara kuwa ko yayyafi na iya hana ta tashi.

Wajen kuɗi, kowane harbi hula guda yake ci, dutse ɗaya kuwa yakan kai harbi da dama. Sai dai mai ƙanƙara ba ta son komai sai albarushi na ainihi, ba na zamani da ake yi a madadinsa ba. Ku sayi na kamfani, don Allah. Haɗa shi a gida ya raba mutane da yatsunsu.

Mai son koyon saiti da wuri, mai hula ce tasa. Mai haƙuri da sha'awar kayan zamanin da, ya ɗauki mai ƙanƙara.